Tsohuwar wuƙar bakin bindiga: wacce ta cancanci kuɗinka?

Idan yanzu za ka fara tara wuƙaƙen bakin bindiga na sojojin da, ka fara da ta Ingila samfurin 1907, wadda ake kafa wa bindigar Lee-Enfield. Tsawon ruwanta inci 17 ne, an yi yaƙin duniya na farko da na biyu da ita. Abin da ya sa nake fifita ta shi ne tarihinta a rubuce yake a jikinta. Duba gindin ruwan kusa da ƙota: akwai hoton kambi, da lambar 1907, da wata da shekarar da aka ƙera ta, sai sunan maƙera, Wilkinson ko Sanderson ko Enfield. Ɗaya gefen kuma akwai alamar kibiya ta gwamnati da harafin X, shaidar an lanƙwasa ta a gwaji ba ta karye ba. Masana'antun Lithgow ta Ostareliya da Ishapore ta Indiya ma sun ƙera nasu.

Wuƙar bindigar Lebel ta Faransa ta 1886, wadda sojoji suka yi wa laƙabi da Rosalie, kyakkyawa ce, amma siririya ce ƙwarai, da yawa bakinsu ya karye an rage musu tsawo. Ta bindigar Lee-Enfield No. 4 ta Ingila kuwa, mai kama da tsinke, ba wani abin kallo a jikinta.

Sai batun 'yan damfara. Na farkon samfurin 1907 suna da ƙugiya a makarin hannu. A 1913 Ingila ta daina yin ƙugiyar, aka kuma yanke ta daga yawancin tsofaffin, shi ya sa mai ƙugiya ta asali take da tsada sosai. Wani dillali ya taɓa kawo mini ɗaya yana rantsuwa ta gado ce, alhali wuƙar 1917 ce aka liƙa wa ƙugiya da walda. Ƙirar Ingila mai ƙugiya da ke ɗauke da shekara bayan 1913, kada ka saye ta. Haka in ka ga ƙugiya tare da ƙaramin rami a ƙarshen ƙota, yi hattara, don a 1916 aka fara huda ramin nan.

Ta Jamus samfurin 98/05 ma ba ta tsira ba: ana yanka wa bayanta haƙoran zarto don ta yi kama da mai zarto ta asali, farashi ya tashi. Akwai kuma sababbi fil da ake jiƙa wa sinadari su yi tsatsa. Tsatsar shekara ɗari ba ta bin jiki bai ɗaya. Kada ka biya ko kwabo sai ka ga hoton kowane hatimi kusa-kusa, ka kuma zare ta daga kube da hannunka in da hali.