Gargaɗi kan masu tallar garin "wanke tsatsar jiki" a Kaduna

Jama'a, don Allah ku ja kunnen iyayenku. Akwai wasu samari da ke zaga gidaje a Tudun Wada da Rigasa da wani gari a gwangwani, wai furotin ne da aka tace daga tsirrai, yana kare ƙwayoyin halittar jiki daga lalacewa. Tallar na yawo har a WhatsApp, da hoton wani Bature sanye da farar riga.

Goggona ce ta faɗa hannunsu. Shekararta shida tana shan maganin hawan jini. Yaron ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, yana "Hajiya, magungunan asibiti su ke ƙara tsatsar", ta sayi gwangwani biyu, ta tura ƙwayoyinta ƙarƙashin katifa. Mako uku ba a cika ba jiri ya kayar da ita a bakin murhu. Allah Ya sa ba a ɗora tukunya ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ƙaryar tasu a jikin gaskiya aka jingina ta. Tabbas iskar oksijin da jiki ke aiki da ita tana barin wasu ɓurɓushi masu lahani ga ƙwayoyin halitta. Tabbas kuma masana sun gwada wasu furotin na tsirrai, irin na waken soya, a kan ƙwayoyin halittar dabbobi da aka raina cikin kwanon gwaji, suka ga sun rage ɓarnar. Amma kwanon gwaji ba shi da ciki. Furotin ɗin da ka haɗiye, tumbi da hanji ne za su farfasa shi gutsi-gutsi, kamar yadda suke yi wa awara da ƙosai, kafin wani abu ya shiga jini. Jiki ma yana da nasa masu sharar, da kansa yake ƙera su.

Kuma ba kowane abin da ya yi kyau a ɗakin gwaji ne ke amfanar mutum ba. A 1994 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Finland kan maza masu shan sigari kusan 29,000. Waɗanda aka bai wa ƙwayar beta-karotin, sinadarin da ke sa karas launinsa, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kusan kashi 18 cikin 100.

Na juya gwangwanin nan ta ko'ina: babu lambar NAFDAC, babu adireshi, ranar lalacewar ma da biro aka rubuta. Na buɗe na sansana, ƙanshin soyayyen waken soya ne da ɗan zogale, irin wanda za ka auna a Kasuwar Barci da ƙaramin kuɗi.

Idan suka ce ka kawo mutum uku a ba ka gwangwani kyauta, su ne. Goggo ta koma kan maganinta, likita ya ce ta dawo awo bayan mako biyu. Lambar yaron kuwa tun ranar a kashe take.