Ɗan gasa ko abokin tebur: shawarar wa za ka bi wajen haɗa dek ɗin Blue-Eyes?

Tambayar ɗan'uwanmu na Samaru ita ce: yana haɗa dek (tarin katunan da mutum ke wasa da su) na dodon Blue-Eyes a wasan kati na Yu-Gi-Oh!, kati 48, ya nuna wa mutum biyu. Na farko ɗan gasa ne a Master Duel, wato Yu-Gi-Oh! ɗin da ake bugawa ta intanet, dare da rana yana kan waya, ya ce a rage zuwa 40, a zuba tarkon hannu tara (katunan da ake jefawa daga hannu don a katse wasan abokin karawa), a mayar da Blue-Eyes White Dragon guda biyu. Na biyu abokin da suke bugawa tare ne a Kongo duk Asabar, shi kuma ya ce in aka yi haka an cire wa dek ɗin rai, gara ma a ƙaro dodanni. To wa za a bi?

Ɗan'uwa, kowannensu akwai inda ya fi ɗan'uwansa gani, kuma wuraren ba ɗaya ba ne.

Batun yawan kati, bi ɗan gasa ido rufe, don lissafi ne ba ra'ayi ba. Doka ta ba ka daga 40 zuwa 60, kowane kati bai wuce uku ba, kuma da kati biyar kake fara wasa. In kana da kwafi uku na wani kati a dek mai 40, damar ka ga aƙalla ɗaya a hannun farko kusan kashi 34 ce cikin 100. A dek mai 48 ta sauka zuwa 29, a mai 60 kuwa 23. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne katunan tashi, wato waɗanda ko guda ɗaya ka samu wasanka ya kama hanya, irin su Sage with Eyes of Blue. Guda tara a cikin 40 suna ba ka kashi 74, guda taran nan a cikin 48 kuma 66. Duk dodon da abokinka ya ce ka ƙara saboda kyawunsa, daga wannan lissafin ake cire kuɗinsa.

Batun tarkon hannu kuwa, nan ne ɗan gasa ke yawan ɓatar da mutane ba da gangan ba. Shi yana magana ne daga filin da ya sani. A Master Duel wasa ɗaya ake yi a tashi, babu dek ɗin gefe, ba ka san wa za ka haɗu da shi ba, don haka dole ya cusa maganin kowace cuta cikin kati 40. Kai a tebur kuna iya yin wasa uku, wanda ya ci biyu ya yi nasara, kuma kana da kati har 15 a gefe da za ka musanya tsakanin wasa da wasa. Jerin haramtattun katuna ma ba ɗaya ba ne. Konami, kamfanin da ke yin wasan, tana fitar da na TCG (katin takarda na ƙasashen Turai da Amurka) daban, na OCG da ake bi a Japan daban, na Master Duel daban. Tarkon hannun nan Maxx "C" misali: tun 2018 aka haramta shi a TCG, amma Master Duel ya fito a 2022 da shi a ciki. Kafin ka rubuta sunan ko da kati ɗaya daga bakinsa, tambaye shi da wane jeri yake magana, ku kuma da wanne kuke bugawa.

Sai tarkon hannun nan Ash Blossom & Joyous Spring. Kati ne na gaske, yana toshe mai nemo kati daga dek ko mai kiran dodo daga can. Amma in mutanen teburinku tsofaffin dek suke riƙe da su, masu ɗana tarko su jira ka, zai yi ta zama a hannunka kamar baƙon da ba a san da zuwansa ba. Wannan abokinka na Kongo ne ya sani, ɗan gasa bai taɓa ganin teburin ba. Don haka kada ka tambayi abokin tebur "me zan saka". Tambaye shi wa ya fi cin mutane a wurin, da wane kati, a zagaye na nawa. A nan maganarsa zinariya ce. Inda take da rauni shi ne yana tuna ranar da wani kati ya ci masa wasa, ya manta ranaku biyar da katin ya kwana a hannu. Kuma kada ka manta abokin karawarka ne. Da wuya mutum ya nuna maka sandar da za ka doke shi da ita.

Yanzu Blue-Eyes ɗin kansa, biyu ko uku. Mataki na 8 ne, ƙarfin hari 3000, kariya 2500, ba shi da wani tasiri na kansa, kuma in za ka kira shi ta hanyar da aka saba sai ka sadaukar da dodanni biyu. Shi ya sa ɗan gasa ke ganinsa kaya a hannun farko, ya fi so ya zauna a dek har The White Stone of Ancients ya fito da shi a ƙarshen zagaye. Amma amsar tana wajen sauran katunanka. In kana da Trade-In, wanda ke jefar da dodo mai mataki 8 ya ja maka kati biyu, kayan nan ya zama kuɗi. In akwai Blue-Eyes Alternative White Dragon, shi sai ka nuna Blue-Eyes a hannu yake fitowa. In kuma burinka Blue-Eyes Ultimate Dragon, ai uku cif yake nema.

A nan ne mafi yawan masu haɗa dek ke faɗuwa: a ɗebo rabin shawarar wannan, a haɗa da rabin ta wancan. Ka rage Blue-Eyes zuwa biyu saboda ɗan gasa, ka bar Trade-In uku saboda abokinka yana son sa, sai ka wayi gari da Trade-In a hannu babu abin jefarwa. Kowace shawara da 'yan rakiyarta take zuwa. In mutum ya ce cire kaza, tambaye shi me kuma zai fita tare da shi, me zai shiga gurbinsu. Wanda ya kasa amsa wannan, jerin wani ya haddace.

Akwai kuma aljihu. Ɗan Master Duel da maki yake ƙera katinsa a cikin waya, kai kuwa sai ka yi oda, ka biya da dala, ka ƙara kuɗin kawowa har Zariya, ka jira. Kada ka sayi komai tukuna. Je shagon buga takardu, a fitar maka da hoton katunan da ake gardama a kansu, ka yanka, ka zura kowanne a leda tare da wani tsohon kati a bayansa don kauri ya zo ɗaya. Ka sanar da abokan wasa, don a gasar hukuma ba a karɓar irin wannan.

Haɗa dek biyu, ɗaya yadda ɗan gasa ya ce, ɗaya yadda abokinka ya ce. Gauraya sosai, ja kati biyar, sau 30 kowanne. A takarda ja layi uku: hannun da ya tashi, hannun da ya tashi amma tarko ɗaya zai tsayar da shi, da mataccen hannu. Duk katin da ka gani a mataccen hannu, sa masa alama a gefe. Bayan nan ka kai dek biyun Kongo, rabin wasannin kai ne na farko, rabi na biyu, tunda mai farawa ba ya jan kati a zagayensa na farko. In za ka gyara, kada ka canja fiye da kati uku a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka gane wanne ne ya kawo sauyin ba.