Gargaɗi ga masu sana'ar gilashi a Legas kan 'yan damfarar injin leza

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi na rubuta shi ne domin 'yan uwanmu masu sana'ar gilashi da madubi da alminiyom a Dopemu, Agege, Idi-Araba da Mile 12, musamman matasan da suka gama koyon aiki suna neman inda za su sa ɗan jarin da suka tara. Wasu mutane sun shigo cikinmu da tallar injin leza mai yin zane da rubutu a jikin gilashi, suna yaɗa bidiyonsa a Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma tuni sun karɓe kuɗin mutanen da na sani. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin sunan da suke amfani da shi yau ba shi ne na gobe ba. Abin da ba ya canzawa shi ne salon yaudarar, kuma shi zan fayyace.

Aikin kansa na gaskiya ne, kuma yana da kasuwa a garin nan. Otal-otal suna son ƙofar banɗaki mai zane, ofisoshi suna son tambarinsu a jikin gilashin da ya raba ɗakuna, masu gidaje a Lekki da Ikoyi suna son madubi mai fitila a baya. A da da feshin yashi ake yin irin wannan aiki, ko da ruwan asid mai cin gilashi, kuma dukansu suna da haɗari: ƙurar yashin tana lalata huhu, asid ɗin kuwa yana ratsa fata ya yi ɓarna mai zurfi kafin mutum ya ji zafinsa sosai. Saboda haka ba laifin matashi ba ne idan ransa ya biya da injin da zai yi masa aikin cikin tsafta daga kwamfuta. Wannan buƙata ta gaskiya ita ce ƙofar da macutan suke shigowa ta cikinta.

Yadda suke farawa kusan iri ɗaya ne. Za a turo maka bidiyon inji yana fitar da fure a jikin babban gilashi, a ce maka injin yana yin komai: gilashi, ƙarfe, katako, fata, har da yanka gilashi mai kauri. Farashin zai zo ƙasa da abin da ka taɓa ji, da hujjar cewa saura guda biyu a kwantenar da ke hanya daga Sin. Sau da yawa akan haɗa ka da dillali mai jin Hausa, wanda zai kira ka Alhaji ko Malam, ya tambayi mutanen gida, ya ce maka shi ba zai cuci ɗan uwansa ba a garin baƙunta. Ba kowane dillali ne yake da masaniyar abin da ake ƙullawa ba, wani shi ma la'ada aka yi masa alkawari, amma kuɗinka dai ta hannunsa suke bi su tafi. Daga nan sai a nemi ka biya rabi domin a ajiye maka naka, kuma asusun da za a ba ka na mutum ɗaya ne, ba na kamfani ba.

Jijiyar damfarar tana wurin da yawancinmu ba mu sani ba, wato cewa leza ba iri ɗaya ba ce, kuma ba kowace ce take kama gilashi ba. Abin da yake bambanta su shi ne tsawon zangon haskensu, wanda ake aunawa da ma'aunin nanomita. Leza mai iskar CO2 tana fitar da haske mai zangon nanomita 10,600, wanda gilashi yake tsotsewa a fuskarsa, sai wurin ya yi zafi ya tsattsage ƙanana-ƙanana, shi ne farin zanen da kake gani mai ɗan kaushi idan ka shafa. Lezar faiba kuwa zangonta nanomita 1,064 ne, an yi ta ne domin ƙarfe, kuma haskenta ratsa farin gilashi yake yi ya wuce. Ƙaramar lezar nan mai shuɗin haske, mai zangon kusan nanomita 450, ita ma wucewa take yi. Zane mai laushi da kyau irin na jikin kwalabar turare aikin lezar UV ce mai zangon nanomita 355, hoton da kake gani a tsakiyar dunƙulen gilashin kyauta kuma yawanci koriyar leza ce mai zangon 532 take yin sa. Duk wanda ya ce maka inji ɗaya mai araha yana yin waɗannan ayyuka gaba ɗaya, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani sarai.

Na ga yadda ake ɓoye wannan a wurin gwaji da idona. Mai sayarwa ya ɗauko madubi, ya kife shi a kan teburin injin faiba, ya danna maɓalli, cikin ƙanƙanin lokaci sunan mai saye ya fito tsaf. Da aka juyo madubin aka haska shi da fitilar waya, rubutun ya yi kyau ƙwarai, mai saye har da kabbara. Abin da injin ya yi shi ne kankare fenti da azurfar da ke bayan madubin, gilashin kansa ko ƙwarzane bai samu ba. Wannan aiki ne mai amfani ga mai yin madubin fitila, amma ba shi ne zanen ƙofar gilashi da aka yi tallarsa ba. Masu shuɗiyar lezar kuma sukan shafa wa gilashin baƙin fenti tun kafin ka zo, domin fentin ne yake kama zafin ya miƙa wa gilashin, sai a wanke a nuna maka ɗan ƙaramin tambari. Ana iya yin hakan a kan kofi ko ƙaramin allo, amma mai shagon da zai yi ƙofofi goma kafin ƙarshen mako ba zai ci abinci da shi ba.

Ko da injin CO2 ne na gaskiya, akwai wata cutar a ƙarfinsa. Za a rubuta wat 100 a jikin inji da takarda, alhali bututun gilashin da ke ciki, wanda yake samar da hasken lezar, na wat 40 ne ko 60. Wannan ƙarya ce da tef ɗin awo yake tonawa, domin ƙarfin irin wannan bututu yana tafiya ne da tsawonsa. Na wat 40 bai wuce kusan santimita 70 ba, na wat 100 kuwa yana kaiwa kusan mita ɗaya da santimita 40. Ka sa a buɗe murfin baya ka auna da hannunka, ka kuma duba takardar da ke manne a jikin bututun, wadda take ɗauke da lamba da ranar da aka yi shi, domin bututu yana rage ƙarfi ko da a ajiye yake. Wasu kuma sukan ƙure wa ƙaramin bututu wuta a ranar gwaji domin ya burge, abin da yake gajarta ransa, sai ya mutu a hannunka bayan an daina ɗaukar wayarka.

Haka batun na'urar sanyaya ruwa. Bututun CO2 yana buƙatar ruwan da ke zagaya shi ya tsaya kusan digiri 20, kuma kowa ya san zafin Legas yakan haura digiri 30 da rana, balle a cikin shago mai rufin kwano. Na'urar da ake rubuta wa CW-3000 fanka ce kawai da wurin zagayar ruwa, ba ta iya saukar da ruwa ƙasa da zafin ɗakin da take ciki. Masu sanyayawa da gaske, irin su CW-5000 da CW-5200, suna da kwamfureso kamar firiji, kuma sun fi tsada. Macutan sukan sa kuɗin babbar a lissafi su kawo ƙaramar. Ba sa kuma ambaton abin da injin zai ci na wuta, da na'urar daidaita lantarki, da janaretan da zai ɗauke shi, da fankar zuƙe hayaƙi, da tabarau na kare ido wanda dole ya dace da zangon lezar da aka saya. Hasken CO2 da na faiba ido ba ya ganinsu, amma suna iya makantar da mutum.

Maganar yanka gilashi kuwa ita ce mafi haɗari, domin a nan ba kuɗin inji kaɗai ake asara ba. Injin CO2 na shago ba ya yanka gilashin taga ko na ƙofa, fasa shi yake yi. Sannan akwai gasasshen gilashi, wanda aka ɗumama zuwa sama da digiri 600 aka sanyaya shi da iska farat ɗaya, ya fi na yau da kullum ƙarfi kusan ninki huɗu. Ƙarfin nan yana zaune ne a fatarsa ta waje, saboda haka ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a yi masa zane mai zurfi bayan an gasa. Duk wannan aiki kafin gashi ake yin sa. Zane mai sauƙi a sama yana yiwuwa a hannun wanda ya san aikinsa, amma idan aka zurfafa, gilashin yana iya tarwatsewa nan take, ko kuma ya jira sai an kafa shi a gidan mutane. Matashin da ya karɓi ƙofar abokin ciniki ya sa a inji bisa maganar ɗan talla, shi ne zai biya gilashin daga aljihunsa, sunan shagonsa kuma ya ɓaci.

Duk wannan ga wanda aka kawo wa inji ne. Wasu ko akwatin banza ba su gani ba. Bayan rabin kuɗin farko sai labarin tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can ya fara: kwastan sun riƙe kaya, kuɗin ajiya yana hawa, dala ta tashi, sai ka ƙara wani abu ko ka rasa abin da ka riga ka bayar. Wanda ya shigo da kaya ta hanyar doka yana da takardu, kuma ba asiri ba ne. Akwai Form M da ake buɗewa ta banki, akwai takardar PAAR da hukumar kwastan take bayarwa, akwai takardar lodin jirgi. Lambar kwantena haruffa huɗu ce da alƙaluma bakwai, kuma kana iya sa ta a shafin kamfanin jirgin ka ga inda kayan suke. Hoton takarda da aka turo ta WhatsApp ba hujja ba ce sai lambar da ke jikinta ta fito a shafin kamfanin jirgin. Akwai kuma wani ƙarin tarko da ya fi jan matasa, wato alkawarin kwangila: a ce wani otal yana jiran wanda zai yi masa ƙofofi da madubai, da zarar ka sayi injin aikin naka ne. Ka tambayi sunan otal ɗin ka je da ƙafarka ka ga mai ba da aikin. A nan ne yawanci muryar dillali take canzawa.

Shawarata ga duk mai niyyar saye ita ce kada ya biya ko sisin kwabo sai ya ga injin yana aiki a gabansa, a kan gilashin da shi ya zo da shi daga shagonsa, farin gilashi wanda ba fenti ba azurfa, da zanen da shi ya zaɓa a wurin. Ya tafi da wanda ya riƙe irin injin ya san shi, kuma a Shomolu akwai masu aikin ɗab'i da allunan talla da suka daɗe suna amfani da lezar CO2 a kan roba da katako, ba za a rasa mai duba maka ba idan ka ba shi ɗan abin wahalarsa. A duba sunan kamfanin a shafin hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, a tabbatar sunan asusun banki ya yi daidai da shi harafi da harafi. A rubuta yarjejeniya da ta ambaci irin lezar, da ƙarfinta, da lambar bututu, da irin na'urar sanyaya ruwa, da wa'adin garanti, da wanda zai zo ya kafa injin ya koyar da yaran shago. Mu da muka saba ciniki da baki da musafaha mukan ji nauyin neman rubutu a wurin wanda ya kira mu ɗan uwa, alhali Alƙur'ani da kansa ya umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru, domin shirun nan ne yake ba su damar komawa shagon da ke kusa. Ya fara da bankinsa a ranar da ya gane, ya kai ƙorafi a rubuce, domin jinkiri yana ba su lokacin kwashe kuɗin zuwa wasu asusun. Ya adana rasiɗin tura kuɗi, da saƙonnin murya, da bidiyon tallar, da lambobin wayar da aka kira shi da su, kada ya goge komai saboda fushi. Idan kuɗi aka karɓa ba a kawo kaya ba, akwai sashen 'yan sanda na musamman mai binciken zamba a titin Milverton da ke Ikoyi, akwai kuma hukumar EFCC, kuma dokar damfara ta 2006 ta shafi karɓar kuɗi da ƙarya. Idan an kawo inji amma ba wanda aka yi ciniki a kansa ba, ana iya kai ƙara hukumar FCCPC ta tarayya ko LASCOPA ta jihar Legas, masu kare haƙƙin masu sayen kaya, haka nan kotun ƙananan basussuka da jihar ta kafa a 2018 tana sauraron irin waɗannan ƙararraki ba tare da dole sai an ɗauki lauya ba. Ya kuma sanar da shugabannin ƙungiyar kasuwarsa da fadar Sarkin Hausawan unguwarsa, domin a yi shela a masallatai da zaurukan 'yan kasuwa, a kuma tattara waɗanda abin ya shafa su shigar da ƙara tare da hujjojinsu a haɗe.