Ra'ayina kan wani ofishin tsara gonar tuffa a Ɗa'if

Wannan bayani ya shafi aikin da wani ofishin ba da shawara kan noma da ke Ɗa'if, a ƙasar Saudiyya, ya yi wa gonar da nake kula da ita a tsaunin Shafa, inda mai gonar ya yanke shawarar dasa tuffa a matse, kamar yadda ake yi a Italiya da Amurka. Abin da muka biya kuɗi a kansa shi ne taswirar layuka, da tazarar da za a bari tsakaninsu, da tsayin da za a tsayar da bishiyoyin.

A nan ne aikin nasu ya fi ƙarfi. Injiniyan da suka turo ya fara ne da auna faɗin ƙaramar tarakta da injin feshin da za su riƙa bi ta tsakanin layuka, sannan ya ɗora sauran lissafin a kai. Ya ba mu mita 3.5 tsakanin layi da layi, da mita 1 tsakanin bishiya da bishiya, wanda ke ba da kusan dashe 2,850 a hekta guda. Game da tsayi kuwa, ya kawo ƙa'idar da masana na Jami'ar Cornell ta Amurka suka yaɗa, cewa kada bishiya ta wuce kashi 90 cikin 100 na tazarar layi, wato kimanin mita 3.1 a wurinmu, domin idan ta zarce haka inuwarta takan rufe ƙasan layin da ke maƙwabtaka da ita, rassan ƙasa su daina fure, 'ya'yan da suka fito kuma su ƙi yin ja. Abin da ya burge ni shi ne bai ɗauki ƙa'idar tamkar wahayi ba. Ya nuna mana cewa an tsara ta ne a ƙasar da rana ke karkata sosai, alhali a Ɗa'if rana kan tsaya kusan a tsakiyar kai da bazara, don haka ƙunar rana a jikin 'ya'yan ta fi inuwa zama barazana. Saboda haka ya ce a kafa ginshiƙai masu tsayin da zai ɗauki raga daga sama, wadda za ta rage zafi, ta kuma tare ƙanƙarar da kan sauka a waɗannan tsaunuka.

Zaɓin iri ma ya yi daidai: Anna, wadda ba ta buƙatar dogon sanyi kafin ta yi fure, tare da Dorsett Golden a tsakani don ƙudan zuma su haɗa furanninsu. Ya kuma yi mana gaskiya cewa M9, wato gindin da ake haɗa reshen tuffar a kansa, wanda aka fitar a East Malling ta Ingila kuma shi ne ke hana bishiya girma da yawa, saiwarsa ba ta nisa, ba ya tsayuwa sai da waya, kuma ba ya yafe ƙishirwa.

Inda suka gaza shi ne taswirar kanta. An zana ta kamar fili ne shimfiɗaɗɗe, layuka duk sun miƙe daga arewa zuwa kudu, alhali gonakin Shafa hawa-hawa ne, an tare kowane mataki da katangar dutse, kuma wasu matakan ba su da faɗin da zai ɗauki layi uku. Sai da muka matsa kafin suka sake zane bisa lanƙwasar ƙasa, kuma adadin dashen ya ragu ƙwarai. Lissafin ruwa ma sama-sama aka yi shi, duk da cewa rijiya ce dogaronmu. Birai kuwa, waɗanda duk manomin wannan yanki ya san ɓarnarsu, ko ambatonsu ba a yi ba.

Yarjejeniyar kuma ta ƙare ne da miƙa takardu, ba ta haɗa da zuwa duba gona a shekara ta biyu ba, lokacin da ake lanƙwaso rassa ƙasa a ɗaure su don bishiya ta koma ga haihuwa maimakon tsawo. Duk wanda zai ɗauke su aiki, ina ba shi shawarar ya sa wannan ziyara cikin yarjejeniya tun farko, ya kuma nemi a auna kowane mataki na gonarsa kafin a zana layi ko ɗaya.