Hattara da masu tallan fesa soso a cikin rufi

Jama'a, a kula. Akwai masu ƙwanƙwasa ƙofa ko su bugo waya, su ce za su duba maka cikin rufi kyauta, wato sararin nan da ke tsakanin silin da kwano. Ɗayansu zai hau, bayan minti goma ya sauko da hotuna a waya: katako ya yi baƙi, funfuna ta cinye ko'ina. Kai ba ka hau ba, to ina ka san rufin wa aka ɗauka? Sai su ce maganin shi ne a fesa soso mai kumbura a jikin rufin, kuɗin wuta zai ragu, amma rangwamen na yau ne kaɗai, a ba da kafin alƙalami yanzu.

Tare zafi a rufi abu ne mai kyau, ban musa ba. Abin da ba sa faɗa shi ne rufi yana numfashi. Iska na shiga ta kafofin da ke ƙarƙashin bakin rufi, ta fita ta ƙololuwa, ta tafi da zafi da danshi. Magina har lissafi gare su: kafar iska murabba'in mita 1 ga kowane murabba'in mita 150 na silin, a wasu gine-ginen 300. Idan aka fesa soso kai tsaye ba tare da an duba wannan ba, kafofin sun toshe, danshi ya maƙale a jikin katako, ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Ko kwano ya fara yoyo ba za ka gani ba, soso ya rufe shaida. A Ingila abin ya kai wasu bankuna na ƙin ba da bashin sayen gidan da aka fesa wa irin wannan, tunda mai dubawa ba ya iya ganin lafiyar katakon. Wani abin haushin, bayan an kwana biyu sai a sake bugo wa mai gida waya, wai an zo taimaka masa a kankare soson, a sake karɓar kuɗi.

Masu hura audugar gilashi, wato abu mai kama da auduga da ake zubawa a kan silin don tare zafi, su ma da tasu dabarar. Su cika mata iska ta yi tozo, a ido kamar an zuba da yawa, bayan watanni ta kwanta. Ko su cika bakin ƙofar hawa, can lungu kuwa fayau. Kauri ne ke tare zafi: a Ingila milimita 270 ake ba da shawara. Don haka wanda ya ce maka fenti ko 'yar takarda mai ƙyalli za ta yi aikin wannan kaurin, romon baka ne. Takardar tana mayar da zafin rana, amma sai an bar mata tazarar iska, kuma ƙura na rage mata ƙarfi.

Kafin ka sa hannu, kira kafinta ko maginin da ba shi da alaƙa da su ya hau ya gani. A rubuta maka sunan kayan, kaurinsa, adadin buhuna, da yadda za a bar kafofin iska a buɗe. Ranar aiki ka ƙirga buhunan da kanka. In sun gama, ɗauki tocila da tef ɗin awo ka hau, ka auna har lungu, sannan ka biya cikon.