Tiyata ta biyu ko aidin ɗin nukiliya: amsa ga 'yar'uwarmu da dajin tayirod ya dawo wa a kaluluwa

Wa alaikumus salam Anti. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne. Tunda kin ce allurar da aka tsotsi kaluluwar ta tabbatar dajin ne ya dawo, kuma babbar ta kai santimita 1.5, ba zan yi miki kwana-kwana ba: ki yarda a sake aikin. Biyun da kike tambaya a kai, wato a sake tiyata ko a ba ki aidin ɗin nukiliya (ƙwayar da ake haɗiya don ta ƙone ƙwayoyin dajin), duk na bi ta cikinsu, kuma da na fara da tiyata da na huta da wahalar kusan shekara guda.

Tawa ta dawo ne shekara 4 bayan an cire min tayirod, wato ƙwayar da ke gaban wuya, gaba ɗaya. Ko ciwon kai ban yi ba. Gwajin jinin Tg ne ya fara hawa, wani sinadari ne da tayirod ke fitarwa, wanda bai kamata a riƙa ganinsa sosai a jinin wanda aka cire wa tayirod ba, daga nan sikanin ya nuna ƙwaya 2 a gefen hagu na wuyana. Da likita ya ambaci tiyata sai jikina ya mutu, na dage a ba ni aidin, tunda ƙwaya ce kawai a haɗiye.

Aidin ɗin dai ga abin da na samu. Kafin a ba ni shi na bar shan tayiroksin, maganin da ke maye gurbin aikin tayirod, sati 3, na kumbura, ina jin sanyi a tsakiyar zafin Kaduna. Sati 2 babu gishiri mai aidin, babu dunƙulen miya, babu kifi, babu madara. Na yi tafiya mai nisa, domin sassan da aka fi sani da yin sa a ƙasar nan suna Ibadan da Abuja, na yi kwanaki nesa da yarana. Bayan wata 6 aka sake sikanin, kaluluwar tana nan daram. Ribar da na ci ita ce bushewar baki, har yau ba na haɗiye tuwo sai da ruwa a kusa. Aidin yana da wurinsa, ban musa ba: ɗan ɓurɓushin da wuƙa ba ta gani, ko wanda ya bazu zuwa huhu, in dajin yana shan aidin. Amma kaluluwar da ta wuce santimita guda ba kasafai yake cinye ta ba, kuma nau'in da ake kira medulari ba ya shan aidin ko kaɗan. Ki duba takardarki ki ga ko naki nau'in da ake kira fafilari ne, shi ne ya fi yawa.

Da na koma kan tiyata, Allah Ya haɗa ni da likitan da ya zauna ya zana min wuya a bayan takarda. Na ce masa ya cire biyun nan kawai ya rufe. Ya ce, Hajiya, in kika ga ƙwaro biyu a buhun wake, biyun za ki tsince ki ɗaure buhu? Sashen wuyan gaba ɗaya ake sharewa, kitsen da duk kaluluwar da ke cikinsa, domin tsintar ɗai-ɗai ita ke sa a koma karo na uku. Gaskiyarsa kuwa. Sikanin 2 ya gani, amma da sakamakon naman ya fito, 5 ne ke da daji cikin waɗanda aka kwaso.

Ban manta da safiyar farko ba. Ga robar da ke tsiyayar da ruwa daga wuyana, an maƙale kwalbarta a zanina. Tun kafin a shiga da ni abin da ke cin raina shi ne murya, saboda jijiyar murya tana bi ta nan, kuma aiki na biyu ya fi na farko haɗari tunda tabo ya cakuɗa naman. Sai na gwada karanta Fatiha a hankali. Ta fito, a dishe, amma ta fito. Ƙanwata da ke jinyata ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Cikin sati 3 dishewar ta washe.

Ba zan ɓoye miki wahalarsa ba. Kafaɗata ta hagu ta yi nauyi, wata guda ban iya ɗaga hannu na ɗaura ɗankwali ba, sai da na riƙa hawa bango da yatsu safe da yamma kamar yadda aka koya min. Fatar ƙasan kunnena har yanzu ba ta ji sosai. Wanda aka yi wa aiki a tsakiyar wuya kuma kalsiyam ɗinsa na iya faɗuwa, domin 'yan ƙwayoyin da ke riƙe shi suna wajen. In kika ji leɓe ko yatsu suna tsitstsira kamar kiyashi na tafiya, ki faɗa nan take, kada ki ce bari gari ya waye. Amma Tg ɗina ya sauka ƙasa bayan aikin, kuma a nan yake har gwajin da na yi kwanan baya. Alhamdu lillahi.

Ga waɗanda tasu ƙarama ce, ba dole ba ne a yi gaggawa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta fitar a 2015 ta ce wadda ba ta kai milimita 8 a tsakiyar wuya ba, ko milimita 10 a gefe, ana iya sa mata ido da sikanin, da yawa ba sa girma. Ana auna ta ne ta gajeren ɓangarenta, don haka ki tambaya 1.5 ɗin nan tsawo ne ko faɗi. Akwai kuma allurar etanol, wato sinadarin alkohol, da ake tsira wa kaluluwa don ta mutu, ana kallo a sikanin, asibitin Mayo na Amurka sun daɗe suna yi, amma ta fi dacewa da ƙwaya ɗaya ko biyu ƙanana a wuyan da aka riga aka yanka sau da yawa.

Abin da ba ki tambaya ba amma sai na faɗa: da zarar an ji kina da daji, masu magani za su yi miki caa. Masu lasifika a mota, masu tura hoton kwalba ta WhatsApp da alkawarin narkar da daji cikin kwana 40, duk kuɗinki suke so. Na sayi jarka guda da kuɗin da ya kamata na yi sikanin da shi, gudawa kawai na samu. Kada ki bari wanzami ya tsaga wurin ko a yi masa sakiya. Ƙwayoyin ganyen teku da ake tallatawa da sunan maganin tayirod cike suke da aidin, in an buƙaci ba ki na nukiliya daga baya za su hana shi kamawa. Tayiroksin ma akwai jabu. Ki saya a kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC, ki tsaya kan kamfani ɗaya, kada ki ajiye shi kusa da murhu.

Kafin a sa rana, ki nemi a leƙa igiyoyin muryarki da kyamara a ga duka biyun suna motsi. Likitocin kunne da maƙogwaro ke yi, akwai su a Cibiyar Kunne ta Ƙasa nan cikin Kaduna da kuma asibitin koyarwa na Shika. Ki tafi da takardar aikin farko da sakamakon naman. Sannan ki tambayi likitan kai tsaye, cikin ladabi, sau nawa yake yin irin wannan aikin na biyu a shekara. In ya ce ba kasafai ba, ki roƙe shi ya tura ki wurin wanda hannunsa ya saba, na kirki ba ya jin haushin wannan tambayar.

In an sa ranar ki sanar da ni, Anti. Zan zo miki da koko mai ruwa-ruwa, shi na fi iya haɗiya a kwanakin farko.