Babban otal ko ƙaramin masauki a Njamena?

Masu sauka filin jirgin Hassan Djamous da dare suna yawan tambaya: ina za a kwana?

Filin yana cikin gari, don haka nisa ba matsala ba ne. Babban otal yakan aiko mota, amma sai ka ba su lambar jirginka tun da wuri. Kuɗinsa ya ninka na ƙaramin masauki.

A ƙaramin masauki wuta ce abin dubawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, to ka tambaya ko janareta yana kwana a kunne, ka duba famfo da gidan sauro kafin ka biya. Riƙe sefa a hannu, ba kowa ke karɓar kati ba.

Mai iyali ko baƙon gari, babban otal ya fi masa. Ɗan kasuwa da ya san gari, ƙaramin masauki ya ishe shi.